Rawar Ƙafa Ɗaya a Gidan Mai Ɗori

Asabar, hantsi

Gude, gidan Baba Jibirin mai ɗori, ɗakin da ke jikin zaure. Ga ni kwance kamar buhun masarar da aka manta a tasha. Ƙafata ta dama ta karye a ƙasan gwiwa. An ja ta, an shafe ta da man shanu, an yi mata tofi, an jera kara an ɗaure. Ba zan rubuta yadda aka ja ta ba. Ƙarti ne suka danne ni, kuma duk Gude ta ji muryata.

A asibitin da aka fara kai ni sun ce a wuce da ni Kano. Malam, mahaifina, ya ce babu mai kai masa ɗa inda ake yanke ƙafa, alhali ga amininsa tun na ƙuruciya wanda ɗori gadon gidansu ne. Ba a tambaye ni ba. Da an tambaye ni ɗin ma me zan ce? A gidanmu in Malam ya rufe baki magana ta ƙare.

Ni tela ne. Da ƙafar nan nake taka keke a kasuwar Gwarzo, da ita nake ci. Ita kawai nake so a mayar mini yadda take.

Lahadi, bayan Azahar

'Yan dubiya tun safe. Ɗaliban Malam, 'yan layinmu na teloli, har da mutanen da ban taɓa gani ba. Kowa ya durƙusa: ya jiki? Da sauƙi. Ya ƙarfin jiki? Alhamdu lillahi. An samu barci? An samu. Ban samu ba, amma wa yake faɗin haka? Tun ina yaro na san amsar, kamar yadda na san amsa sallama.

Yaya Bilki ce ke kawo mini abinci daga Garo, inda take aure. Na tambaye ta labarin Tasi'u, abokina da na goya a babur ranar da muka yi haɗarin. Ta ce in sha kunun kafin ya huce.

Litinin, La'asar

Ba ni kaɗai ba ne a ɗakin. Akwai Ƙasim kafinta, ya faɗo daga saman gini yana buga kwano, cinyarsa ta karye. Ya riga ni zuwa, don haka yake ganin shi ne mai unguwa. Bakinsa ba ya hutawa. Ya ba ni tarihin kowace ƙofa da ya taɓa kafawa a Kabo, da wanda ya yaba da wanda ya kushe. Shi ya karanta mini dokar gidan: ba a motsa ƙafa, ba a yi wa ɗori ƙorafi, kuma hannun da ya ɗaura shi kaɗai ke kwancewa. Ko ɗan cikin Baba Jibirin bai isa ya taɓa ɗorin ubansa ba.

Taga ɗaya ce a ɗakin, tana kallon bangon maƙwabta. Na haddace bangon.

Laraba, hantsi

Yaya ta kawo wayata, gilashin ya tsage amma tana aiki. Sabis sai a bakin taga, shi ma sai ya ga dama. Ina neman yadda zan riƙa motsa ƙafar hagu don kada ita ma ta sandare, sai wayar ta jefo mini wani bidiyo. Wata dattijuwa ce baƙar fata, kanta fal furfura, tana tsaye a kan katako da takalmi mai ƙarfe a ƙasa. Ba ganga, ba kalangu. Ƙafarta ce kiɗan, ita ce rawar. Da Turanci tap suke ce mata. Darasi ne na 'yan koyo, tana yi a hankali, tana maimaitawa, kamar wadda ba ta da wani aiki a duniya sai ni.

Darasin farko: yatsu, dunduniya. Yatsu, dunduniya. Na yi dariya ni kaɗai, don ai wannan taka keken ɗinki ne, kawai ba a sa zare ba.

Ƙasim ya leƙo ya ce, ɗan Malam guda da kallon rawa? Na ce motsa jini ne. Ya ce to a matso da motsa jinin shi ma ya gani.

Alhamis, bayan Azahar

Mun raɗa wa matar bidiyon suna Gwaggo. Kafin ta fara sai ta ƙirga biyar, shida, bakwai, takwas. Ƙasim ya ce wannan matar ba za ta yi kafinta ba, ina ta kai ɗaya zuwa huɗu?

Tana gama nuna taku sai ta yi murmushi ta ce, to saura ɗaya ƙafar. A nan nake tsayar da bidiyon.

Juma'a, bayan an sauko

Duk gari sun tafi masallaci, mu biyu muna kwance muna jin huɗuba daga nesa. Ban taɓa sanin Juma'a tana da tsawo haka ba.

Malam ya biyo da yamma. Ya makara, ya ce ya tsaya wani zaman addu'a ne a unguwarsu Tasi'u. Bai ce na mene ne ba, ni kuma ban tambaya ba. Ya dafa kaina ya yi tofi, ya ce ya jiki, na ce da sauƙi.

Asabar, Walaha

Ba na son magana yau.

Litinin, hantsi

Na yi takalmi. Wato na ɗauki warin takalmina na hagu, na sa Yaya ta tsinto mini murafen kwalbar lemo, na daddaƙe su da dutsen guga, na huda, na ɗinke su a ƙasan takalmin da zaren lilo, gaba da baya. Ta tambaye ni na mene ne, na ce hannuna ne ke ƙaiƙayin allura. Ta yi mini kallon da take yi mini tun ina satar mata ƙuli-ƙuli.

Katakon kuwa Ƙasim ne ya ba da shawara. Akwai wani tsohon ƙyauren taga a jingine a bayan ƙofa, ya ce maɗaci ne, zai yi amo. Ina zama a bakin gado, in miƙar da ta dama a kan 'yar kujerar tsugunno, in sauke ta hagu a kan katakon. Sai mun ji Baba Jibirin ya tafi gona muke farawa.

Na iya takun shara. Ana wurga ƙafa gaba ƙarfen ya shafi katako, a dawo da ita ya sake shafa. Gwaggo ta ce kada a ƙanƙame idon sawu, a sake shi ya yi laushi. Da na sake shi sai ƙarar ta fito tas. Wallahi har cikin ƙirjina na ji ta. Tun ranar da abin ya faru, yau ne na fara yin wani abu da kaina, ba wanda aka yi mini ba.

Talata, La'asar

An yi ruwa. Kwano na ta tsiyaya, ni ina ta ƙwas-ƙwas a ƙarƙashinsa, babu mai ji. Ƙasim na buga mini lokaci da cokali a jikin langa. Ya ce in na warke mu buɗe ƙungiya, shi makaɗi ni ɗan rawa, mu riƙa zagaya gidajen masu ɗori.

In ina yi ba na ganin titin. Shi ya sa nake yi. In na tsaya sai ya dawo: kwanar, da motar, da hannun da ya saki rigata.

Alhamis, hantsi

Na yi wauta. Gwaggo ta haɗa shara da dunduniya ta ƙara sauri, ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ce tsohuwa ba za ta fi ni ba. Jikina ya karkata, kujerar ta zame, ƙafar dama ta faɗo ƙasa. Na ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Na ciji filo har sai da na ji audugar a bakina.

Ƙasim ya tura takalmin ƙarƙashin gadonsa da sanda. Bai yi tsokana ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Asabar, bayan Asuba

Yau ranar kwance ɗori. Baba Jibirin ya warware, ya bi ƙashin da babban yatsa a hankali, idonsa a rufe. Mutum ne mai sanyin hannu, ba na musun wannan. Na ga waɗanda aka kawo a ɗauke suka tafi da ƙafarsu. Sai ya buɗe ido ya ce ƙashin ya goce, ko na motsa ne? Ƙasim ya ce ai yaron nan mugun barci gare shi, juyi yake kamar kifi.

Me zan ce? In ce Baba, rawa nake koya a waya? A gidan aminin Malam, da kwana nawa da abin da ya faru?

Aka sake kiran ƙartin. Da aka gama ya ce wannan karon zai ɗaure ta yadda ko ni ko barcin babu mai motsa ta. Ya ɗaure kuwa.

Lahadi, Azahar

Zafi.

Litinin, hantsi

Ba irin zafin farko ba ne. Wancan na ƙashi ne, wannan kamar an sa ƙafar a turmi ana kirɓawa. Tana bugawa da kanta. Yatsun sun kumbura sun yi sheƙi.

Baba Jibirin ya shigo da jakarsa a rataye. An aiko daga wajen Malumfashi, yayansa ba lafiya, zai je ya kwana biyu. Ya tsaya a kaina ya ce ya ƙafar. Na buɗe baki. Na ga idonsa ya yi ja, ga mai babur na jiransa a waje, ga shi ni na jawo. Na ce da sauƙi, Baba. Ya ce madalla, sabon ɗori dama sai ya yi kwana biyu yana faɗa da mutum. Ya yi tofi ya tafi.

Talata, bayan La'asar

Inna Asibi ta zo, mahaifiyar Tasi'u. Tun daga Gwarzo, ita da ko kasuwa ba ta iya zuwa saboda gwiwa. Ta rame. Ta kawo fura a ƙwarya, irin mai yaji da take dama mana in mun dawo daga shago. Ta zauna a ƙasa, ta ƙi hawa tabarma. Ta daɗe tana kallona, ba fuskata ba, hannuwana da kafaɗata, kamar mai lissafin abin da ya rage.

Ta ce, "Kada ka sa komai a ranka, Zainu. Kwana ne ya ƙare. Allah Ya bar mana kai."

Sannan ta ce ya jiki.

Ƙafar na cina kamar wuta a lokacin. Amma wace irin fuska zan ɗaga in yi wa matar nan kukan ƙafa? Na ce da sauƙi sosai, Inna. Ta ce alhamdu lillahi, ta share ido da bakin mayafi. Na shanye furar duka don ta gani.

Laraba, hantsi

Zafin ya ɗauke. Ɗif, kamar an ɗauke wuta. Na yi barci har rana ta fito. Yaya ta yi ta murna, ta buga wa Malam waya, ya ce a gode wa Allah, dama ya san hannun Jibirin. Yau da na ce da sauƙi, gaskiya na faɗa.

Alhamis, bayan Azahar

Na koma wajen Gwaggo, a kwance, ba takalmi ba katako. Na mayar da bidiyon darasin farko. Yatsu, dunduniya. Da ta ce saura ɗaya ƙafar, yau ban tsayar ba. Na ce tunda an samu sauƙi bari in ɗan gwada, yatsun kawai, ba wanda zai sani.

Na aika musu saƙo. Ba su amsa ba.

Na mayar da bidiyon baya na sake. Ɗaga yatsu, sauke. Ina kallonsu, suna can ƙarshen gado kamar na wani. Na miƙa sandar Ƙasim na taɓa babban. Na ga sandar ta taɓa, amma ban ji ba. Na roƙi Ƙasim ya miƙo hannu. Ya taɓa ya janye da sauri, ya ce sanyi ƙalau, kuma launin bai yi masa ba. Na ja zane na rufe.

Juma'a, hantsi

Ƙasim ya ce in faɗa. Na ce in faɗa wa wa? Mai ɗorin ba ya nan, wayarsa ba ta shiga. Ɗansa ya leƙo ya ce shi ba zai taɓa ɗorin Baba ba, a jira. In na ce a kai ni asibiti, na ce ke nan Malam ya yi kuskure, amininsa ya yi kuskure, a bainar jama'a. Kuma za a tambayi abin da ya sa aka ɗaure da ƙarfi haka.

Ya ce, "Kunya za ka taka keke da ita?"

Na juya masa baya. Na ji haushinsa don ya fi ni gaskiya.

'Yan dubiya bayan masallaci. Da sauƙi. Da sauƙi. Da sauƙi.

Asabar, Walaha

Ƙudaje sun fi yawa a gefena.

Asabar, La'asar

Yaya ta shigo ta tsaya tana shinshina ɗakin, ta ce ko ɓera ne ya mutu a rufi. Ta share ko'ina, ta kunna turaren wuta. Ina kallonta tana leƙa ƙarƙashin gado. Zazzaɓi nake ji, haƙorana na haɗuwa, na ce mata sanyin damina ne. Ina jin tsoro. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko a kan titin.

Na buɗe Gwaggo na kashe sauti. Tana ta yi, tana murmushi. Ba ta san ni ba. Ita kaɗai ce a duk kwanakin nan ba ta tambaye ni ya jiki ba.

Lahadi, bayan Azahar

Malam ya zo da ɗalibansa manya guda biyu da wani Alhaji maƙwabcinmu. Suka zauna, aka yi gaisuwa mai tsawo: gida, iyali, damina, ya aka ji da haƙuri. Sannan ya juyo gare ni ya ce ya jiki. Amsar ta riga ta hau harshena. Ƙasim ya buga cokali a langa sau ɗaya, kamar yadda yake yi in zan fara.

Na ce, "Malam, babu sauƙi."

Alhajin ya ce a'a, ba a faɗin haka, a dai gode wa Allah. Malam bai kalle shi ba. Ya tashi ya zo ƙarshen gado ya ɗaga zanen. Ya daɗe a tsaye.

Ɗan Baba Jibirin ya ce daga bakin ƙofa a yi haƙuri, gobe ko jibi Baba zai dawo, ba a kwance ɗorin wani. Malam ya ce wa Yaya ta miƙo almakashina. Shi da kansa ya yanka, tsumma bayan tsumma, karan na zuba a ƙasa. Ba zan rubuta abin da ke ƙarƙashi ba. Ɗalibi ɗaya ya fita da gudu.

Ana neman mota.

Talata, ban san lokaci ba

Kano. Farin ɗaki, gadaje a jere, fanka na juyawa. Likitan bai yi faɗa ba, na so ma a ce ya yi. Ya tambayi yaushe zafin ya ɗauke, na faɗa masa. Ya ce in ana so in rayu, gobe da safe ne. Za a yanke, daga ƙasan gwiwa.

Malam ya juyo ya ce, "Me ka ce, Zainul Abidin?"

Ban taɓa jin ya tambaye ni haka ba. Na ce a yi.

Alhamis, La'asar

An yi.

Asabar, hantsi

Baba Jibirin ya zo. Daga Malumfashi ya wuto, bai ko biya gida ba. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin da hularsa a hannu, ya kasa shigowa, sai da na kira shi. Na gaya masa komai: kujerar, katakon, takalmin da murafen lemo, da matar da ke cikin waya. Na ɗauka zai yi fushi, ko ya ji sanyi a ransa. Ya ce duk ya ji, amma hannunsa ne ya ɗaure, kuma ya tambayi bakina alhali ƙafar ya kamata ya tambaya. Da ya tafi, Yaya ta ce Ƙasim ya aiko yana gaishe ni, wai ɗakin ya yi masa faɗi.

Yatsun da babu su ne ke yi mini ƙaiƙayi. Ma'aikaciyar jinya ta ce haka ake yi. Wani tsoho a gadon kusa ya ce ai yanzu akwai keken ɗinki na lantarki, kuma ana taka na ƙafa da hagu. Na san da gaskiyarsa. Ba yau nake son jin ta ba.

Asabar, bayan Magariba

Tun ranar aikin ban ga Malam ba. Yaya ta ce ya je Gwarzo, ba ta ce don me ba. Na ɗauka kunyar haɗa ido da ni yake ji, ko kuma labarin rawar ya kai masa.

Ɗazu ya shigo. Rigar jikinsa ita ce ta ranar Laraba, bakinta duk jar ƙasa, har cikin farcensa. Bai zauna a kujera ba, ya zauna a ƙasa a gefen gadon, ta ɓangaren da babu komai a ƙarƙashin zanen. Ya ce ya karɓo ƙafar daga hannun 'yan asibiti, don ba zai bari a jefar da ita kamar shara ba. Ya kai ta gida, ya wanke ta da kansa, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya kai maƙabarta. Ɗalibai sun so su taya shi haƙa, ya hana.

Na ce Allah Ya saka da alheri, Malam.

Ya kalli tafin hannunsa. Can ya ce, "Ashe ƙafarka ta fi tawa girma. Ban sani ba sai da nake wanke ta."

Ya kifa goshinsa a ƙarfen gadon. Na sa hannu a kan hularsa, na bar shi a nan har aka kira Isha.